Tatsuniya Tana da Ƙurunƙus, Waƙa Ba Ta da Shi



Duk wanda ya taɓa zama da bik da kaye yana son shi ƙago wata duniya tasa ta kansa, ya san wurin da hannu ke tsayawa. Sunan gari ba shi da wuya. Sarki da fadawansa, dawaki, takubba, aljani mai kai bakwai, duk waɗanga da gudu suke zuwa. Sai ka kai daren da mutanen garin nan naka za su taru saboda ruwa ya ƙi sauka, ko annoba ta shigo, ko yaro ya ɓace cikin daji. To mi za su yi? Ɗan Adam ba ya taruwa cikin tsoro shi yi shiru. Wani zai ɗaga murya, saura su amsa. Wa suke kira, kuma da wane irin kiɗi? A nan marubuci Bahaushe ke aje bik shi yi ta'awwuzi, yana tsoron kada shi rubuta abin da zai kai shi wuta. Tambayar da nake so mu tauna ke nan: shin ya halatta, kuma ya dace, mutum shi ƙirƙiro wa mutanen ƙage waƙar ibadarsu?

Magabatanmu a rubutun zube sun kauce wa tambayar da dabara. Bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, an buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Gandoki na Bello Kagara. Dukansu biyu sun kai mu inda ƙafa ba ta zuwa. Amma ku duba, da Gandoki ya shiga ƙasar aljannu, da addininsa ya shiga, yana yaƙi yana musuluntar da su. Watau marubucin ya ɗauki butarsa da casbinsa ya tafi da su duniyar mafarki, bai tsaya jin abin da mutanen can ke rerawa ba kafin isowarsa. Littattafan yaƙi da ke zuwa mana daga Kano, waɗanda muke karantawa ko muke saurara a salula, sun ƙara taku guda. Su akwai masu wani addini a cikinsu. Sai dai kullum fasali ɗaya ne: boka cikin kogo, gunki mai jajayen idanu, ganguna, jini, sarki azzalumi. Jarumi shi iso, gunki shi faɗi, a yi kabbara. Ba a cika nuna mana uwa ɗaya ba a cikin mutanen nan wadda ɗanta ke zazzaɓi, ta zauna tana rera abin da kakarta ta koya mata don ba ta san wata ƙofa ba.

Wanga rashi ba na gwaninta kaɗai ba ne. Akwai haƙƙi a ciki. Yaron Dakoro da ya karanta labarin matsafa masu ganguna ba wata ƙasa mai nisa yake gani a zuciyarsa ba. Tsohuwar nan ta bakin unguwa yake gani, wadda ake cewa tana zuwa wasan bori. Ko Annan wani ƙauye. In kuma gidansu na wani ɓangare ne, to masu bandiri yake gani, ko masu waƙa a coci ranar Lahadi. Ƙagen ya ce ƙasar aljannu ya nufa, amma dutsen da ya jefa a gidan maƙwabci ya sauka. Saboda haka ni a ganina marubucin da ya ƙi ba mutanensa na ƙage ibada mai ma'ana bai tsira daga laifi ba, ya dai zaɓi laifin da ba a tuhumar kowa da shi a garinmu.

Maganar halacci kuwa, ni ba fatawa nake bayarwa ba, akwai masu ita. Amma abin da kowane ɗan makarantar allo ya iya dubawa shi ne, malamai suna da ƙa'ida sananniya cewa mai ba da labarin kafirci bai zama kafiri ba don ya ba da labarin. Alƙur'ani mai girma ya kawo mana maganar Fir'auna. Ya kira sunayen gumakan mutanen Annabi Nuhu ɗaya bayan ɗaya. A cikin Suratul Anfali ma ya siffanta sautin ibadar Ƙuraishawa a wajen Ɗaki, cewa fito ce da tafi. Ba a ɓoye mana yadda wasu ke bauta ba. Ita ma al'adarmu ta yi wa ƙage shinge tun tuni. Mai tatsuniya yana buɗewa da gatanan, yana rufewa da ƙurunƙus, har shi ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Tsakanin ƙofofin nan biyu kura tana magana, Ƙoƙi tana daka, ba wanda ya taɓa kai kakarsa ƙara wajen alƙali. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba shi ba don a ɗauka shi ne. Mai tatsuniya ya gaya maka tun farko inda kake.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba sai na ɓata muku takardar hotokopi ba. Matsalar ita ce waƙa ba ta bin dokar tatsuniya. Labari yana zama inda anka aje shi. Ka rufe littafi, sarkin aljannu ya koma barci. Waƙa kuwa tashi take yi. Ka rubuta baiti huɗu masu daɗin kari, wani shi karanta, gobe shi tsinci bakinsa yana maimaitawa a bakin rijiya, jibi ƙanwarsa ta ɗauka, ita kuwa ba ta taɓa ganin littafin ba, ba ta ji gatanan ba, ba wanda zai ce mata ƙurunƙus. Kuma waƙar ibada tana da wani hali da sauran waƙoƙi ba su da shi: kira ce. Tana cewa "ya kai wane". Wanda ya rera ta ya kira, ko ya yi niyya ko bai yi ba, aƙalla da harshensa. Labarin mai roƙo daban, roƙon kansa daban.

Masu jihadin 1804 sun san wanga sirri fiye da mu. Shehu Usmanu, wanda anka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya rubuta littattafai da Larabci don malamai, amma ya yi waƙoƙi da Fulatanci don talakawa. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta aika jajinta ƙauyuka su koyar da mata, don ta san takarda tana tsayawa a zaure, waƙa kuwa tana shiga har madafa. Haka Imfiraji na Aliyu Namangi ya yawata a bakin makafi masu bara, har mutanen da ba su san baƙi ɗaya na ajami ba sunka hardace ta. Abin da ya sa waƙa ta zama makamin wa'azi shi ne ya sa ta zama abin tsoro a hannun mai ƙage.

Akwai ruwaya daga Ibn Abbas a cikin Bukhari game da gumakan nan na mutanen Nuhu. Asalinsu mutanen kirki ne. Da sunka mutu anka kafa musu alamu don tunawa, ba don bauta ba. Sai waɗanda sunka kafa sunka shuɗe, dalilin ya ɓace, jikoki sunka tarar da abin a tsaye sunka durƙusa. Wanda ya sassaƙa ya san abin da ya sassaƙa. Wanda ya gada bai sani ba.

In kuna ganin wanga ya yi nisa, ga na ƙasarmu. Wajen 1925, a yankin Filinge, wasu sababbin iskoki sunka bayyana ta bakin wata mata mai suna Shibbo da mabiyanta. Ba irin su Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ko Doguwa ba ne waɗanda anka sani tun kaka da kakanni. Waɗanga soja ne, masu fareti, masu ba da oda, masu kwaikwayon Nasara. Zabarmawa sunka kira su Hauka, Hausawa sunka ce Babule. Kumandan na Faransa, Croccichia, ya kama mutanen ya kulle, ya wulaƙanta su. Mi ya biyo baya? Sai ga wani iska sabo a cikin jerin, ana kiransa Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani sunka tafi da abin har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa da ya fito a 1955. Yau shekara ɗari ke nan, Babule suna nan cikin bori. Masu abin ba za su ce maka ƙirƙira anka yi ba, cewa za su yi iskokin ne sunka zo da kansu, kuma ba gardamar da nake son shiga ke nan ba. Abin da ya dame ni shi ne na makaɗi. A bori kowane iska da takensa, da shi ake kiransa da goge ko garaya. Sabon iska sai da sabon take. Ke nan akwai wani dare da wani mai goge ya ja izgarsa ya fitar da sautin da kunne bai taɓa ji ba, yana lalube, wataƙila ma yana ɗan gyara shi a kwana na biyu. Ranar nan sabon abu ne, na mutum ɗaya. Yau yaron da ya tashi ya tarar da shi zai rantse maka tun farkon duniya haka ake kaɗa shi. Tsakanin ƙirƙira da gado, tsawon rayuwar mutum biyu ya isa.

Wani zai ce to laifin na kiɗi ne, a bar kiɗi a huta. Ban yarda ba, kuma tarihin bege a ƙasar Hausa bai yarda ba. Bandiri baƙo ne, daga arewacin Afirka ya zo, ƴan Ƙadiriyya sunka riƙe shi, Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, ya tsaya masa ya kare shi daga masu suka. Tijjanawa sunka fi dogara da murya, a zikirin Juma'a da diwanin Shehu Ibrahim Inyas, kamar yadda duk wanda ya je maulidin Kiota ya ji. Izala, tun kafuwarta a Jos a 1978, ta ce duka a bari. Gardama ce tsohuwa, ta girmi Dakoro da Maraɗi gaba ɗaya: Imam Gazali ya ware mata babi a cikin Ihya'u yana cewa hukuncin saurare yana bin halin mai saurare da abin da ke motsawa a zuciyarsa, Ibn Taimiyya ya tsananta a kan masu mai da shi hanyar neman kusanci. Ba mu ne za mu raba su a wanga ɗan littafi ba. Amma ku lura da abu guda da ya faru a Kano. Wasu masu bandiri, har da ƙungiyar da ake kira Ushaƙu Indiya, sun riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fim ɗin Indiya, na saurayi da budurwa, suna cire kalmomin suna zuba yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kari ɗaya, jiya na soyayya, yau na bege. Wanga ya nuna ibadar ba a jikin sautin take ba. A cikin wanda ake kira take, da taron da ya haɗu don kiran. Sai dai masu sukarsu su ma suna da abin faɗi: mai saurare yakan ji yabo da kunne, idonsa na zuci yana ganin rawar fim. Kari yana tafe da ƙanshin gidan da ya fito. Marubuci shi riƙe duka biyun. In ka ɗauki muryar Ishiriniya da muke ji daren maulidi ka ɗora wa gunkin labarinka, ka taɓa abin da ba naka kaɗai ba. In ka ɗauki kirarin wani iska na bori ka ba mugun bokanka, ka yi sata kuma ka yi zagi a lokaci guda.

Kada wani shi ɗauka maganar nan ta shan shayi ce a fada kawai. A watan Agusta na 2020 wata kotun shari'ar Musulunci a Kano ta yanke wa wani matashi mawaƙi, Yahaya Sharif-Aminu, hukuncin kisa kan waƙar da ya tura ta WhatsApp, bayan jama'a sun riga sun ƙona gidan iyayensa. Daga baya babbar kotu ta ce a sake shari'ar. Tasa ba ƙage ba ce, kuma dokar Nijar daban da ta Kano. Na kawo shi ne don mu ga saurin abin: daga waya ɗaya zuwa titi, kwanaki kaɗan. Wanda anka tura wa sautin minti biyu ba a tura masa shafi ɗari na labarin da ke kewaye da shi.

Akwai wani Baturen Ingila, Tolkien, wanda ya rasu a 1973, da ake ɗauka uban masu ƙago duniya a zamanin nan. Ɗan Katolika ne mai riƙo. A littafinsa Silmarillion, da anka buga a 1977, da waƙa ma anka fara tsara duniyar tasa. Amma a babban labarinsa na zobe da ƙyar za ka ga ɗakin bauta ko limami, kuma shi da kansa ya rubuta wa wani abokinsa a 1953 cewa da gangan ya cire su. Duk da haka ya bar ƴan baitoci da harshen da ya ƙirƙira, kuma tun yana da rai wani mawaƙi ya sa wa wasunsu kiɗi. Har yau ana rera su. Shi ma ke nan, da duk taka-tsantsan ɗinsa, abin da ya bari da kari shi ne ya tsallake shinge. A can ba wanda ya damu. A nan, inda ibada ba ado ba ce, lissafin daban ne.

To ga inda na tsaya. Ka ƙago musu kiɗinsu, kuma ka ƙago shi da gaskiya, kamar mai jin tausayinsu. Abin da ba za ka iya ƙagowa ba shi ne buƙatar da ta sa su rerawa, wagga dole daga gida za ka ɗauko ta, kuma muna da ita jibge. A ce kana rubuta labarin wata ƙasa inda rijiyoyi ke ƙaura da dare, a wayi gari ruwa ya koma wani wuri. Kai ɗan Dakoro ne, ka san rijiyoyin arewa wajen Tarka, masu zurfin gaba da yawa, waɗanda sai da raƙumi ko bijimi ake jan wasaki, igiyar ta yi nisa har mai kora shi koma ƙarami a ido. Ka san abin da ake nufi da mai gina rijiya shi sauka ƙasa a bar shi da duhu. To a ƙasar taka, mai gini yana rerawa daga ƙasa don na sama su san yana da rai, su kuma su amsa don shi san ba su tafi sun bar shi ba. Shekara ta bi shekara, amsawar nan ta zama ibadarsu. Ba su da ganga, igiyar suke kaɗawa, kowace rijiya da muryarta gwargwadon zurfinta. Wa ke da izinin farawa? Matar wanda ke ƙasa. In ba shi da mata fa? Ga rikici ya samu. In muryar ƙasa ta yanke, sau nawa ake amsawa kafin a daina, kuma wa ke da zuciyar yin shiru na farko? Sai ga wasu samari sun taso sun ce kaɗa igiya bidi'a ce, murya kaɗai kakanni sunka sani, dattawa sun ce ƙarya ne. Mai karatu zai yi dariya don ya gane garinsu. Zai kuma ji wani abu a maƙogwaro, don ya taɓa jiran wanda ya tafi Libiya ko Agadas, waya ta daina shiga. Duk wanga na rubuta shi ban ba ku baiti ko ɗaya ba, ban raɗa wa abin bautarsu suna na kira shi ba, kuma ina jin kun ji waƙar.

Iyakar ke nan guda da na ce: kada ka rubuta kalmomin kiran kansu, masu kari da amshi, waɗanda baki zai iya ɗauka shi tafi da su. Ka rubuta mai rerawa, muryarta, hannunta a kan igiya, tsohon da ya ƙi amsawa, yaron da ya yi kuskuren baiti anka harare shi. Ka faɗi abin da waƙar ke roƙo da bakinka na mai ba da labari. Amma "ya kai wane" ɗin, bar shi cikin rijiya.

Na san abin da wasu cikinmu za su ce, musamman masu karanta littattafan Faransa a lise: wanga tsoro ne anka sa wa riga, marubuci ba shi da iyaka. Akwai tsoro a ciki, ban musa ba, mutumin da ke zaune a Dakoro da iyayensa da ƙannensa ba zai yi kamar yana zaune a Pari ba. Amma ko an cire tsoron, hujjar tana nan. Waƙar da anka rubuta a takarda kusan kullum ba ta kai wadda mai karatu ya ji a ransa ba. Ka ce mana duk garin sun yi kuka da sunka ji ta, sa'an nan ka jera mana baitocin, sai mu auna mu ga ba su kai kuka ba, labarin ya zube. Wasu kuma daga ɗaya gefen za su ce ko siffantawar ma a bari, don kada zuciya ta karkata. Su kuma tambayata gare su ita ce, imanin da labarin masu gina rijiya zai girgiza, ina zai tsaya ranar da mai shi ya sauka Kwatano ko Legas ya ga masu bauta iri-iri da idonsa, ba a takarda ba? Gara shi fara koyon ganin mutum a cikin wanda ya saɓa masa tun yana gida, a cikin kaye.

Abin da ya rage mini da ban warware ba shi ne na fim da sutudiyo. A takarda kana iya barin waƙar cikin rijiya. Ranar da wani cikinmu ya samu kamara ya ce zai mai da labarin fim, dole matar nan ta buɗe baki, dole a ji wani abu. Zai iya sa murya ba kalmomi, ko harshen da ba na kowa ba, kamar yadda Baturen nan ya yi. Amma mun ga nasa ma an ɗauka. Kuma yaran unguwarmu, waɗanda ke hardace waƙar Indiya daga farko har ƙarshe ba su san ma'anar kalma ɗaya ba, rashin ma'ana bai taɓa hana su rerawa ba.